Mesar Gida Ta Ƙi Cin Abinci: Yadda Za Ka Gano Dalili Da Wayarka Da 'Yan Ƙananan Na'urori

Duk mai yawan leƙa TikTok ko YouTube ya taɓa cin karo da bidiyon wani matashi a Amurka ko Turai riƙe da wata gajeriyar mesa mai zanen baƙi da ruwan zinare, ta naɗe masa hannu kamar awarwaro. Amurkawa suna kiranta ball python, saboda idan ta tsorata maimakon ta kai sara sai ta dunƙule, ta cusa kanta a tsakiya, ta zama kamar ƙwallo. Masana kimiyya kuma suna ce mata Python regius. Ba ta da dafi, tsawonta bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, kuma tana da sanyin hali, shi ya sa ta zama ɗaya daga cikin macizan da aka fi kiwo a gida a duniya.

Abin da ba a cika nunawa a waɗancan bidiyoyin ba shi ne ranar da za a kawo mata abinci ta kalle shi ta kau da kai, mako ya zagayo ta sake yin haka, har a shafe wata biyu ko uku. A cikin macizan gida babu wadda ta yi suna wajen yajin cin abinci kamarta. A nan ne sabon mai kiwo yake rikicewa: ya riƙa tura mata ɓera kullum, ya canza mata akwati, ya ciro ta ya jujjuya, wani ma har ya buɗe mata baki ya ɗura. Duk waɗannan ƙara dagula lamarin suke yi. Kafin ka taɓa ta, lambobi uku kake buƙata: zafin akwatinta, laimar iskar da ke ciki, da nauyin jikinta. Su ne za su gaya maka ko haƙuri za ka yi, ko gyara, ko kuwa ka garzaya wurin likitan dabbobi. Na'urorin da ke ba da waɗannan lambobi ƙanana ne, kuma yawancinsu suna haɗuwa da wayar da ke hannunka.

Daga ina ta fito?

Wannan mesa 'yar yankinmu ce. Asalinta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, tun daga Senegal, ta ratsa Ghana, Togo, Benin, Najeriya da Kamaru, har zuwa Sudan da Uganda. Daga Ghana, Togo da Benin aka fi fitar da ita zuwa kasuwannin waje, kuma cinikinta tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wato sai da takardar izini. A garin Ouidah na Benin akwai wurin bauta da aka keɓe mata, masu yawon buɗe ido suna zuwa su ɗauki hoto da ita a wuya. Kada a haɗa ta da babbar mesar da muka sani tana haɗiye akuya. Waccan wani jinsi ne daban, tana iya haura mita 4.

A daji ba a fili take yini ba. Rana tana yi za ta shige ramin ɓera ko tsohon suri, inda akwai duhu, ƙunci, da laima, kuma zafin wurin ba ya hawa da sauka kamar na waje. Sai dare ya yi take fitowa, ko ta laɓe a bakin rami tana jiran abin da zai gifta. Ka riƙe wannan hoto a ranka, domin kusan duk abin da za mu auna a ƙasa ƙoƙari ne na mayar da akwatinta ya yi kama da wancan rami.

Gargaɗi ɗaya kafin mu ci gaba. Kada ka ga gajeren maciji mai kauri da zane a gona ka ce ai irin na TikTok ne. Kasa ma gajeriya ce mai kauri, kububuwa ma tana da zane, kuma dukkansu suna kisa. Asibitin masu saran maciji na Kaltungo a Jihar Gombe shaida ne. Manhajar gane hoto irin su Google Lens tana yin kuskure, musamman da hoton da aka ɗauka cikin ciyawa ko da magariba. Wannan darasi na mesar da aka haifa a hannun masu kiwo ne. Wadda aka kamo daga daji ita ce ma ta fi kowa ƙin cin abinci, kuma sau da yawa tana zuwa da tsutsar ciki da kaska.

Me ya sa yunwa ba ta damunta kamar mu?

Jikin mutum yana ƙona abinci dare da rana don ya riƙe zafinsa a digiri 37. Maciji ba ya wannan aikin. Daga waje yake samun zafi. Saboda haka abin da yake kashewa kaɗan ne ƙwarai, kamar wayar da aka sa a yanayin tattalin batir aka kashe mata allo. Babbar mesa mai lafiya da ƙiba tana iya yin watanni ba ta ci ba, nauyinta bai ragu sosai ba.

Akwai lokutan da ƙin cin ba matsala ba ne sam. Idan za ta yi saɓa, launinta yana dusashewa, idanunta su yi fari-fari kamar an zuba madara, ba ta gani sosai, don haka ba ta sha'awar farauta har sai ta tuɓe tsohuwar fatar, abin da kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Namiji balagagge yakan daina ci a lokacin barbara. Macen da ke ɗauke da ƙwai takan daina ci, kuma idan ta saka ta kwanta a kansu kusan wata biyu ba ta cin komai. Sabuwar da aka kawo gida jiya tana buƙatar mako ɗaya ko biyu ba a taɓa ta ba kafin a fara yi mata tayi. Ɗan da aka ƙyanƙyashe kuwa ba ya fara ci sai bayan saɓarsa ta farko.

Amma wannan haƙurin na manya ne. Jaririyar mesa da nauyinta bai kai giram 100 ba ba ta da kitsen da za ta jingina da shi, makonni kaɗan suna iya yi mata illa.

Lamba ta farko: zafi

Mesa ba ta iya narkar da abinci idan jikinta ya yi sanyi. Idan ta haɗiyi ɓera alhali babu isasshen zafi, abincin zai fara ruɓewa a cikinta kafin ya narke, ta amayar da shi. Jikinta ya san haka, shi ya sa take ƙin ci tun farko. A nan ya kamata ka fara bincike.

Akwatin yana buƙatar gefe biyu. Gefen ɗumi ya kasance tsakanin digiri 31 zuwa 33, gefen sanyi tsakanin 24 zuwa 27, ita kuma ta riƙa kaiwa da komowa yadda take so. Da dare kada ya sauka ƙasa da 23 ko 24. Wurin kwanciyar da ya haura 35 haɗari ne.

Ka lura da wani tarko a nan. Yawancin masu bidiyon koyarwa Amurkawa ne, kuma da ma'aunin Fahrenheit suke magana. Idan ka ji wani ya ce a sa gefen ɗumi a 90, ba digirinmu yake nufi ba. Ka cire 32, ka ninka da 5, ka raba da 9: zai ba ka 32 da 'yan kai. Kalkuletar wayarka ko Google za su yi maka wannan cikin daƙiƙa. Haka kuma na'urorin da kansu suna da maɓallin canzawa tsakanin C da F, ka duba wanda ke kan allon kafin ka firgita.

Shin wayarka za ta iya auna zafin? Yawancin wayoyi ba su da firikwensin zafin ɗaki. Manhajojin da ke cika Play Store suna cewa za su nuna maka zafin ɗaki, ko dai daga hasashen yanayi na intanet suke ɗaukowa, ko daga zafin batirin wayar. Ba su da amfani a wannan aiki. Samsung Galaxy S4 ta 2013 ta zo da firikwensin zafi da na laima, amma kamfanin bai daɗe ba ya daina sa su. Pixel 8 Pro ta 2023 tana da na auna zafin saman abu a bayanta. In ba irin waɗannan kake riƙe da su ba, sai ka sayi na'ura daban.

Na'ura ta farko ita ce ƙaramin ma'aunin zafi da laima mai allo. Ka guji mai allura irin agogo da ake mannawa a gilashi, yana yawan kaucewa, kuma gam ɗin bayansa yana iya manne wa macijin a fata idan ya faɗo. Ka nemi mai lambobi, guda biyu, ɗaya a kowane gefe, ka ajiye su ƙasa inda mesar take kwanciya, ba can sama kusa da murfi ba. Idan da hali ka ɗauki mai Bluetooth, irin na Govee ko ɗan ƙaramin Xiaomi mai aiki da batirin CR2032. Amfaninsu ba lambar da suke nunawa yanzu ba ne, tarihin da suke ajiyewa ne. Da azahar ka duba ka ga 32 ka ce komai lafiya, alhali da ƙarfe huɗu na asuba, lokacin da kake barci kuma an ɗauke wuta, akwatin ya sauka 19. Zanen da manhajar za ta nuna maka da safe shi ne zai tona wannan asirin. A ganina, idan kuɗinka na na'ura ɗaya ne kacal bayan tamostat, wannan ce.

Ta biyu ita ce bindigar auna zafi ta infirared, 'yar'uwar wadda aka riƙa saita mana a goshi a ƙofar banki lokacin korona. Ita ba iska take aunawa ba, saman abu take aunawa, don haka da ita za ka san zafin ƙasan maɓoyar mesar. Ta goshi an saita ta ne don jikin mutum, don haka ka sa ta a yanayin auna abubuwa idan tana da shi, ko ka sayi irin ta masu gyaran inji. Kada ka harba ta cikin gilashi, zafin gilashin za ta ba ka. Kuma ka matsa kusa: mai alamar 12:1 tana nufin daga nisan santimita 12 tana auna da'ira mai faɗin santimita 1, kana ja da baya da'irar tana faɗaɗa tana haɗawa da abin da ba ka nufa ba. Jan ɗigon lesa ɗin nan nuni ne kawai, kada ka haska shi a idon macijin.

Ta uku ita ce tamostat, wato na'urar da ke tsakanin soket da abin ɗumama akwati, tana da ɗan firikwensi a bakin igiya. Zafi ya kai inda ka saita ta yanke wuta, ya sauka ta mayar. Shimfiɗar ɗumi da aka jona kai tsaye ba tare da ita ba tana iya haura digiri 45, kuma maciji ba ya saurin janye jiki daga abin da ke ƙona shi a hankali. Sai ka ɗaga shi ka ga cikinsa ya saluɓe. Mai kashewa da kunnawa ta wadatar ga shimfiɗa. Idan kwan fitila kake amfani da shi, ka nemi mai rage ƙarfin wuta a hankali, don kada fitilar ta riƙa walƙiya. Sannan ka duba jikin kowace na'ura kafin ka jona: kayan da aka yi don Amurka na wuta 120 ne, tamu kuwa 230 ce.

Ga wanda ke kiwo a arewacin Najeriya ko Nijar, matsalar tana juyawa da lokaci. A watan Afrilu da Mayu, da zafin rana ke kaiwa 40, ɗakin kwano yana iya wuce abin da mesar za ta jure ko babu abin ɗumamawa, kuma zafin da ya yi yawa yana hana ta ci kamar yadda sanyi yake yi, ya kuma fi saurin kisa. A lokacin sai a sauko da akwatin ƙasa a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga, a ɗora gorar ƙanƙara da aka naɗe da tawul a saman gefen sanyi. A hunturu kuwa dare yana iya sauka ƙasa da 15. Shimfiɗar ɗumi ba ta cin wuta sosai, ƙaramar inbata ko sola za ta ɗauke ta. Idan babu, gorar ruwan ɗumi da aka naɗe da tsumma a jingine a jikin akwatin daga waje tana rage asara. Kuma daren da ka san babu wuta ga sanyi, kada ka ba ta abinci.

Lamba ta biyu: laima

Ana so laimar akwatin ta zauna tsakanin kashi 55 zuwa 70 cikin ɗari, a ɗaga ta sama kaɗan lokacin saɓa. Da rana a hunturun Kano laimar iska tana faɗuwa ƙasa da kashi 20, ka ga tazarar. Mesar da ta bushe fatarta tana yanƙwanewa, saɓarta ta riƙa fita gutsi-gutsi, wani lokaci tsohuwar fatar ido ta maƙale, kuma ba ta ci.

Ma'aunin laima mai araha yakan yi ƙarya, amma akwai hanyar gwada shi a gida. Ka cika murfin gora da gishirin girki, ka ɗiga ruwa har ya jiƙe kamar danyen yashi ba tare da ya narke ba, ka sa shi tare da na'urar a cikin roba mai murfi ko leda mai zif, ka rufe ka bar su su kwana. Iskar da ke kan jiƙaƙƙen gishiri tana tsayawa a kashi 75. Idan na'urarka ta nuna 68, ka san tana rage 7, sai ka riƙa ƙarawa a lissafinka. Wasu manhajojin ma suna da wurin shigar da wannan gyaran.

Gyaran laima ba ya buƙatar inji. Shimfiɗar ɓawon kwakwa mai kauri wadda ake zuba wa ruwa a kusurwa, ƙasanta ya jiƙe samanta ya zauna a bushe, babban kwanon ruwa, da rufe mafi yawan murfin idan na raga ne. Kada ka mayar da wurin taɓo, kwanciya a kan jiƙaƙƙen abu kullum tana ruɓar da fatar ciki.

Abin da ma'auni ba ya nunawa

Za ka iya samun lambobin nan daidai amma ta ƙi ci saboda tsoro. Akwatin gilashi fayau a tsakiyar falo, kusa da talabijin, yara suna ƙwanƙwasawa, ba rami ba ne. Tana buƙatar maɓoya biyu, ɗaya a kowane gefe, masu ƙofa ɗaya, matsattsu yadda jikinta zai taɓa bango ta ko'ina. Idan maɓoyar ɗaya ce, za ta zaɓi ɓuya a kan zafin da ya dace. Ka rufe ɓangarori uku na gilashin da kwali ko baƙar takarda. Kuma muddin tana yajin nan, ka daina ɗaukarta don hoto ko bidiyo har sai ta ci sau biyu ko uku a jere.

A nan ƙaramar kyamarar tsaro mai ganin dare, irin Tapo ta TP-Link, tana da amfani. Ka saita ta ka duba da safe. Mesar da ke leƙo da kai daga maɓoya bayan isha, wuyanta a lanƙwashe, tana jira, yunwa take ji, lokacin tayi ya yi. Wadda ke zagaye akwati ba tsayawa, tana goga hanci a murfi har da rana, wani abu ne ya dame ta a ciki, ko kuma namiji ne mai neman mace. Wadda ta tare a cikin kwanon ruwa kwana da kwanaki, ka duba zafi, ka kuma duba ƙwari.

Yadda ake yin tayin

Ka dubi leɓen mesar na sama za ka ga jerin 'yan ramuka. Waɗannan firikwensin zafi ne, da su take gane dabba mai ɗumin jiki a cikin duhu, kusan irin aikin da bindigar infirared ɗinka take yi. A 2010 ɗakin binciken David Julius a Jami'ar California da ke San Francisco ya nuna cewa wani sinadari mai suna TRPA1 da ke jijiyoyin ramukan ne ke jin wannan zafin. Shi ne Julius ɗin da ya samu kyautar Nobel a 2021 kan binciken yadda jiki ke jin zafi. Abin da wannan ke nufi gare ka: ɓeran da ya yi sanyi, a wurinta ba abinci ba ne.

Masu kiwo sun fi amfani da ɓeran da aka kiwata don wannan aiki, aka kashe aka daskarar. Ka sauke shi daga firiza zuwa firji ya kwana, ko ka sa shi a leda ka tsoma a ruwan sanyi har cikinsa ya yi laushi. Daga nan ka tsoma ledar a ruwan zafi wanda bai tafasa ba na 'yan mintuna, ka harba bindigar a kansa: kana neman 37 zuwa 40, kuma kan ya fi sauran jiki ɗumi don ta kama ta nan. Na'urar busar da gashi tana wannan aikin, tana kuma watsa warin zuwa akwatin, abin da kan tayar mata da sha'awa. Ban da maikirowef, yana dafa wani ɓangare ya bar wani da sanyi, wani lokaci ya fashe. Idan an ɗauke wuta firizar ta saki har ɓerayen suka narke suka sake daskarewa, ka zubar.

Girman ɓeran kada ya wuce kaurin tsakiyar jikinta. Ga ƙarama, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta, duk kwana 5 zuwa 7. Babba kuwa kason ya ragu, tazarar ta ƙaru zuwa mako biyu ko uku. Da yawa daga cikin manyan da ake cewa sun ƙi ci, ƙoshi ne kawai ya yi musu yawa.

Ka yi tayin da dare, fitila a kashe ko an rage ta. Ka riƙe ɓeran da dogon hantsaki, ba da hannu ba, don hannunka ma yana da ɗumi. Ka ɗan motsa shi a gaban maɓoyar kamar mai wucewa, kada ka dunguri fuskarta da shi. Idan minti biyu ko uku suka wuce ba ta kai hari ba, ka ajiye shi a bakin maɓoyar, ka rufe, ka fita daga ɗakin. Wasu ba sa ci sai babu kowa. Da safe idan yana nan ka zubar, sannan ka jira mako guda cur kafin ka sake. Tayin kullum koya mata ƙi yake yi.

Idan an yi haka sau uku ko huɗu ba nasara, sai a canza abu ɗaya a lokaci guda: ƙaramin ɓera maimakon babba, wani launi, ko ɗan tsako. Binciken da Luca Luiselli da Francesco Angelici suka wallafa a 1998 kan waɗannan macizai a kudancin Najeriya ya gano cewa maza sun fi cin tsuntsaye, mata kuma sun fi cin dabbobi irin su ɓera, don haka ɗan tsako ba baƙon abinci ba ne a wurinta. Ɓera mai rai kuwa shi ne zaɓi na ƙarshe, kuma ba a barinsa da ita ba tare da ana kallo ba, domin mesar da ba ta jin yunwa dunƙulewa za ta yi ɓeran ya riƙa gaigayar bayanta.

Wani abin da za ka gani a bidiyoyin waje shi ne shawarar a ba ta ɓeran Afirka mai taushin gashi, Mastomys natalensis, wanda shi ne abincinta na daji. Nasu a keji aka haife shi. A nan ƙasar wannan ɓeran shi ne mai ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno. Kada ka ɗana tarko a ɗakin ajiya ko rumbu don ka ciyar da maciji. Ban da cutar, ɓeran gida yana iya kasancewa ya ci shinkafar ɓera, gubar ta wuce cikin mesar. Kuma bayan ka taɓa macijin, akwatinsa ko abincinsa, ka wanke hannu da sabulu kafin ka ɗauki waya ko abinci, saboda macizai suna ɗauke da ƙwayar Salmonella.

Ranar da ta ci, ka ƙyale ta kwana biyu ba taɓawa.

Lamba ta uku: nauyi

Wannan ita ce ke raba haƙuri da sakaci. Sikelin kicin mai lambobi wanda ke nuna giram ɗaya-ɗaya har zuwa kilo 5 ya isa. Ka ɗora roba mai murfi, ka danna maɓallin mayarwa sifili, ka sa mesar a ciki, ka rubuta. Sau ɗaya a mako biyu ya wadatar ga babba, ƙarama kuma kowane mako. Awo ma ɗauka ce, kada ta yi yawa.

Ka buɗe shafi a Google Sheets, ko ma manhajar rubutu ta wayarka, da layuka kamar haka: kwanan wata, nauyi, abin da aka ba ta da girmansa, ta ci ko ta ƙi, saɓa, kashi, zafi mafi ƙasa da mafi sama na makon. Ka sa tunatarwa a kalandar waya don ranar tayi na gaba. Ƙwaƙwalwa tana yaudara. Mutum zai rantse wata uku ke nan, a duba a ga kwana 40 ne.

Ƙa'idar da masu kiwo ke bi ita ce kashi 10 cikin ɗari. A ce mesarka tana da giram 1,400 ranar da ta daina ci. Layinka shi ne 1,260. Idan bayan wata biyu tana 1,370, ba ta cikin haɗari, kuma ka tuna kashi ɗaya da ta yi yana iya rage giram da dama a rana guda. Idan kuwa kowane awo ƙasa yake yi tana dosar layin, lokacin jira ya ƙare. Ka haɗa da hoto: duk wata ka ɗauke ta daga sama a wuri ɗaya da haske ɗaya. Mai lafiya bayanta a zagaye yake. Wadda ta rame ƙashin bayanta yana tasowa kamar tsinin rufin ɗaki, fatar gefe ta saki.

Akwai alamun da ba a jiran sikeli a kansu. Numfashi mai fito ko ƙara, kumfa ko majina a baki da hanci, buɗe baki tana ɗaga kai sama don ta shaƙi iska, duk alamun ciwon huhu ne. Kumburi, ja ko farin abu kamar cuku a dasashi ciwon baki ne. 'Yan mitsi-mitsin ƙwari baƙaƙe masu motsi a gefen ido, ƙarƙashin haɓa ko a cikin kwanon ruwa masu shan jini ne. Sai kumburi mai tauri a ciki, kashi mai wari da ruwa-ruwa, ko amai. Idan ta yi amai sau ɗaya, ka duba zafi, ka jira mako biyu, ka dawo da ƙaramin abinci. Idan ta maimaita, sai likita.

Ba kowane likitan dabbobi ne ya saba da macizai ba, don haka ka nemi wanda ya saba tun kafin buƙata ta taso. Asibitocin koyarwa na tsangayoyin likitancin dabbobi a jami'o'i da likitocin gidan zoo su ne wurin fara tambaya. Ka tafi da sabon kashinta a leda don a duba tsutsa, ka sa ta a jakar yadi mai ɗauri a cikin roba mai huji, kada ka bar ta a mota cikin rana. Ka nuna masa shafin awonka da zanen zafin da manhajar ta ajiye. Ɗura abinci da ƙarfi, idan har ta kama, shi ne zai yanke hukunci kuma shi ne zai yi, domin hannun da bai iya ba yana iya yaga mata maƙogwaro.